Jinjina ga Gutnel, Matar da Ba Ta Barin Sawu

Ni na fara gani. A rubuta wannan tun daga sama, don kada gobe wani ya miƙe a majalisa ya ce shi ya gano Gutnel 'yar Lemet. Ni, Heaika ɗan Issat, na san abin da ke hannun matar nan tun rabin masu zama a kujerun majalisar garin nan ba su iya share majinarsu ba. Kuma ba kyauta na samu wannan sani ba. Yatsun ƙafa biyu na bayar.

Ban yi makaranta ba. Kwana goma sha ɗaya na yi a makarantar kwana, aka ce kada in ƙara yin yaren uwata, na fita ta taga na bi sawun garken bareyin da babana ke kiwo har na cim musu. Don haka surukata, matar ɗana, ce ke riƙe da biro, ni ina faɗa, kuma na ja mata kunne kada ta gyara mini magana. Shekarata tamanin da ɗaya. Sau biyu kogi yana haɗiye ni yana tofarwa. Na binne karnukan kiwo goma sha huɗu, da matata Sunna, da likitan da ya ce ba zan kai Ista ba. Wanda ya fi ni sanin sanyi a garin nan ya ɗaga hannu mu gani.

To, ga yadda Gutnel ke yi. A ƙarshen watan Agusta, idan sauro ya yi sauƙi kuma raɓa ba ta fara daskarewa ba, takan fito da safe da wuƙarta a ƙugu, da buhu, da baƙar butar kofi. Tafiyar awa guda ce daga ƙofarta zuwa Fadamar Gakkor. Idan ta kai bakin fadamar sai ta tsaya ta yi wata magana ƙasa-ƙasa. Izini take nema, kamar yadda uwarta ta yi. Sannan ta shiga, ba ta taka ko'ina sai kan tudun-tudun nan masu tauri, daga wannan zuwa wancan. Takan tsinki ganyen ciyawa ɗaya ta goga a leɓenta. Idan ya karce ta, ta wuce. Idan ya yi laushi, ta yanki cikin hannu ɗaya tak, ta yi taku goma, ta sake yankar wani. Inda ta yanka bana ba za ta waiwaye shi ba sai bayan shekara uku. Idan za ta dafa kofi, sai ta yanko ƙasa da ciyawarta kamar faifai ta ajiye gefe, ta hura wuta a ramin, ta gama, ta kashe, ta mayar da faifan ta danne da tafin hannu. Ka zo bayan awa ɗaya, ka rantse tun da aka yi duniya ba wanda ya zauna a wurin.

Watan Satumba kuwa duk unguwa ta san ya kama, ba sai an duba kalanda ba. Tim, tim, tim, daga bayan gidanta. Ciyawar take bugu da kulki a kan kututture har ta yi laushi kamar gashin yaro, ta taje ta, ta murɗe ta gammo-gammo, ta rataya a inuwa iska ta busar. Idan watannin duhu suka shigo, rana ta daina fitowa, sai ta koma ɗinki: fatar ƙwaurin barewa, zaren jijiya da take murzawa a kumatunta, takalmi mai lanƙwasasshen baki. Ciyawar nan ita ake shimfiɗawa a ciki kamar sheƙar tsuntsu, ka zura ƙafa tsirara, ka naɗe da igiya. Shekara hamsin da biyar tana wannan. Ba ta da allo a ƙofa, ba a taɓa kiran ta gidan rediyo ba, ba a taɓa rataya mata komai a wuya ba.

Za ku ce ai kowace uwa ta yi haka a da. Gaskiya ne. Amma ku tuna shekarar da kanti ya fara kawo manyan takalman roba daga kudu, masu soso a ciki. Cikin hunturu biyu kowa ya watsar da ciyawa. Mata suka jefa kulakensu a murhu suna cewa Allah ya raba mu da wahala. Gutnel kaɗai ta ci gaba da bugu, mutane na wucewa suna dariya. Kuma wanda ya fi kowa dariya, ni ne. Ba na ɓoye wannan. Ni na fara sayen babur mai tafiya a kan ƙanƙara a garin nan, ni na fara sayen takalmin roba, komai ni nake farawa, har da wauta.

A watan Janairun shekarar zan hau tudu duba garke, na bi ta ƙofarta da gangan ina buga ƙafa don ta gani. Tana tsaye tana kakkaɓe fata.

"Heaika, ina za ka da bokitai biyu a ƙafa?"

"Zamani ke nan, 'yar Lemet. Ciyawa abincin dabba ce. Mutum ya daina cusa ƙafarsa a kwanon barewa."

"To, sannu zamani. Gumin ƙafarka fa, ina zai je?"

"Ni ba na gumi."

"Kai da ko bakinka yana yi?"

Na tayar da babur na bar ta da hayaƙi. Ashe ta riga ta ba Sunna takalmi ƙafa biyu da gammon ciyawa uku, Sunna kuma ta cusa su ƙarƙashin fatun da ke keken kayana ba ta ce mini uffan ba.

Kwana na biyu a tanti na ajiye takalman robata kusa da wuta su bushe, na juya ina yankan nama. Kafin in waiwayo na dama ya narke, bakinsa ya wage kamar yana mini dariya. Na tona kaya ina neman abin da zan naɗe ƙafa da shi, sai ga takalman Gutnel. Mai hankali da ya sa duka biyun. Ni kuwa na ce ba zan ba ta nasara duka ba, rabi ya ishe ta. Na sa nata a dama, na bar robata a hagu.

Washegari babur ya mutu a tsakiyar daskararren kogi, iska ta taso, na kama hanya da ƙafa. Akwai ruwan nan da ke kwanciya a kan ƙanƙara ya ɓuya ƙarƙashin dusar ƙanƙara, duk makiyayi ya san shi. Na zurma ciki har gwiwa, ƙafa biyu. Da na fito na samu gindin dutse na zauna. Ta dama, na zare jiƙaƙƙiyar ciyawa na yar, na murza sabuwa na shimfiɗa, kafin in gama naɗe igiya ƙafar ta fara ɗumi. Ta hagu, safa ta daskare ta manne da roba, wuƙa ma ta ƙi shiga. Kwana biyu ina tafiya. Ƙafar dama tana mini ciwo, ina zaginta. Ta hagu ta yi shiru, ina yabon ta. Ban san wadda ta yi shiru ita ce ke mutuwa ba. Wanda bai ji bari ba, ya ji hoho.

A asibiti aka cire mini biyu daga hagu. Mai jinya ta kira abokan aikinta su zo su ga ta dama, jawur da ita kamar ta jariri. Gutnel ta zo duba ni ranar Lahadi bayan coci. Na juya fuska bango ina jiran ta ce ai na faɗa maka. Ba ta ce ba. Ta ɗaga bargo, ta auna ƙafar da tafin hannunta, ta ce, "Na hagu zai so ƙarin ciyawa a gaba yanzu." Ta tafi. Shekara arba'in da bakwai ke nan, duk takalmin da ta ɗinka mini na hagu daban yake, da ɗan lungu a inda babu kowa. Kuma tun daga ranar ba ta kira ni da sunana. Mai Takwas take ce mini, a coci ma.

Daga kan gadon nan na fara shela. Duk wanda ya shigo gaishe ni sai na yaye masa bargo. Aka ce zazzaɓi ne ya taɓa mini kai. Shi ya sa na ce ni na fara gani.

Sauran kuwa ba ni kaɗai na gani ba. Ku tambayi duk wanda ya hau tudu a shekarar da aka yi ruwan sama a kan dusa cikin watan Disamba, ƙasa ta kulle da ƙanƙara, bareyi suna tono har kofatansu na jini ba sa kai wa ga abinci. Sati bakwai maza da mata suna waje suna jan abinci zuwa garke. Roba ta dinga tsagewa kamar ƙwai. Gutnel ta kwashe rumbunta kaf ta kai zauren coci, ta zauna a ƙasa, duk wanda ya sauko ta cire masa takalmi da hannunta ta gyara masa sheƙa. Waɗanda suka yi mata dariya suka yi layi suna kallon rufi. Mun yi asarar bareyi a shekarar har ban son tunawa. Amma yatsa ko ɗaya bai faɗi ba. A je a tambayi asibiti.

Ku tambayi ƙanwata kuma. Ɗanta Piera, wanda Gutnel ta riƙe ranar baftismarsa, yana shekara goma sha tara ya faɗa tafki da babur. Da aka ciro shi hannayensa sun yi fari fat. Gammon ciyawar da Gutnel ta tilasta masa ɗauka aka warware aka cusa masa a safar hannu da takalmi. Da waɗannan yatsun yake riƙe biro yau. Shi ne shugaban kwamitin filaye na majalisa.

Ga inda maganar take. Wani kamfani daga kudu yana son Fadamar Gakkor. Za a cike ta da tsakuwa a yi wa manyan motocin baƙi wurin tsayawa, da 'yan ɗakunan gilashi inda za su kwanta su kalli sama. Doka ta ce ba a taɓa filin da mutane ke amfani da shi. Sai aka turo wani mai awon fili, bawan Allah mai ladabi, ya yi kwana uku yana zagaya fadamar, sauro na cin sa. Ya nemi bukka, babu. Ya nemi shinge, babu. Turba, babu. Toka, babu. Ya rubuta cewa babu alamar wani na amfani da wurin. Bai yi ƙarya ba. Abin da ya gani ya rubuta.

Piera ya kawo mini takardar har gida, ya zauna a bakin kujera kamar mai jiran allura.

"Kawu, ni ma ba son raina ba ne."

"Nuna mini hannunka."

"Kawu, don Allah."

"Nawa ne? Goma? Wa ya bar maka su, kamfani?"

"Na sani. Amma matasa na barin garin nan, aiki ake nema. Kuma doka abin da ido zai gani take so. Ko turke ɗaya ne, ko tsohon murhu. A ba ni abin da zan ɗora kan tebur."

"Filin tsakuwan da ke gabas da titi fa? Can motoci ba sa iya tsayawa?"

"Sun ce can ba a ganin tudu da kyau."

Na ce ya tashi mu je wurin uwar baftismarsa ya karanta mata da bakinsa. Muka same ta tana taje ciyawa. Ya karanta. Ta ajiye mataji.

"Sake karanta wurin nan."

"Babu alamar wani na amfani da wurin, Inna."

"Kwana nawa ka ce ya yi?"

"Uku."

"Da na'ura?"

"Da na'ura."

Sai matar nan ta fashe da dariya har tana share hawaye. Ta ce, "To ashe na iya. Shekara hamsin da biyar ina tsoron uwata za ta leƙo ta ga inda na ɓata." Ta zuba mana kofi, ta yanko busasshen nama, kamar albishir muka kawo.

Ni ban yi dariya ba. Washegari na saro turaku huɗu, na ja su da kaina, tsoho da ni, na kafa a bakin fadamar, na gitta sanda a kai kamar wurin shanya, na tara duwatsu na ƙona musu 'yan itace su yi baƙi. Na ce ga alama, a zo a ɗauki hoto. Kwana biyu bayan nan na buɗe ƙofata na tarar da turakuna huɗu a jingine, an share musu taɓo. Na je na same ta.

"'Yar Lemet, kin haukace? Taimakonki nake yi!"

"Mai Takwas, murhun da ka yi ko kare ba zai yarda da shi ba."

"Za su kwashe fadamar!"

"Na ji."

"To ki shiga ki yi yanka mai faɗi, fili guda, su gani da idonsu. Sau ɗaya dai!"

"In na yi mata aski haka, shekara goma ba ta dawowa. Kana so in kashe ta don in nuna musu tana da rai?"

Ta ɗaga hannayenta ta nuna mini. Yatsun sun lanƙwashe, ba sa miƙewa. Ta ce yankan bana shi ne na ƙarshe, wuƙa na faɗuwa daga hannunta. Ta ce ta so ta yi shekara biyu tana zaune a bakin fadamar tana nuna wa duk mai so inda ake takawa, don wannan abu ba a koyar da shi a ɗaki. Ciyawar sauran fadamu ko ta yanke ka, ko ta marmashe kafin Kirsimeti. Ta Gakkor kaɗai ke kai mutum Ista. "In sun cike ta," in ji ta, "ba abin da zan koyar. Sai in zauna in dinga tsokanar ka."

Gutnel, yanzu da ke nake. Na san za ki ce wa ya aike ni.

Ke ce kika tsaya lokacin da gari duka ya juya, ba ki yi wa kowa wa'azi ba, kika ci gaba da bugu. Ke ce kika auna ƙafar wawa ba ki kira shi wawa ba. Ke ce kika ci daga wuri ɗaya fiye da rabin ƙarni, wurin bai ragu ba. Mu maza mun yi ta barin alama: sawun babur a kan tudu da ba ya gogewa, gwangwanin mai, shingen waya da bareyi ke maƙalewa. Da mai awon nan ni ya zo nema, da cikin awa ɗaya ya cika littafi. Ke kuwa ya neme ki kwana uku da na'ura bai same ki ba. Mai tafiya ba sawu. Takardar nan da suke so su ƙwace fadamarki da ita, ita ce lambar yabon da ba a taɓa ba ki ba, mai awo ya sa mata hannu bai sani ba.

Na gode. Sunna ma da tana nan da ta gode, ko da yake ita ta daɗe da yi, ni ne na makara. Na gode da takwas ɗin da suka rage, na gode da lungun da kike bar wa biyun da suka tafi.

Ku kuma 'yan garin nan, masu ƙarfi a gwiwa, mata da maza, ku je ku zauna kusa da ita tun tana nan. Ku koyi goga ganye a leɓe. Ku koyi ɗaukar cikin hannu ɗaya ku wuce. Surukata ta ce za ta je a watan Agusta, ga shi ita ta rubuta da hannunta, ba ta da hanyar janyewa.

Amma sai in akwai fadama a watan Agusta. Ranar Alhamis majalisa za ta yi ƙuri'a, ƙarfe goma na safe. Sun ce alama suke so. Alamar Gutnel ba a fadama take ba, a ƙafafunmu take. Duk wanda matar nan ta taɓa shimfiɗa wa ciyawa, ya zo da takalminsa. Wanda ke rataye a rumbu, a sauko da shi. Na yara da suka girma, na tsofaffi da suka rasu, a kawo. Mu zazzage ciyawar a kan teburinsu har su rasa inda za su ajiye takarda. Piera, ka ce a ba ka abin da za ka ɗora kan tebur. Ka ɗora hannayenka.

Ni zan zo da wuri in zauna a gaba. Zan kwance igiya, in cire takalmi, in ɗora ƙafafuna biyu a gaban shugaba, wari ko ba wari. A ƙirga ta dama, a ƙirga ta hagu, a sa a cikin rahoto. Gani ya kori ji.

Wanda kuma ya ce tsoho ne ke cika baki, ko daga kamfani yake ko daga majalisa, ba zan yi musu da shi ba. Ya jira Janairu. Ya zo ya same ni a kan kogi da tsakar rana, inda ruwa ke ɓuya. Ƙafa ɗaya ya sa takalmin kanti mafi tsada, ɗayar ya sa na Gutnel, ni zan ara masa. Mu tsoma har gwiwa, mu fito mu tsaya. Ni zan kawo kofi. Ƙafar da ta fara roƙon a koma gida, ita za ta faɗa masa yadda ya kamata a ce an yi ƙuri'a.

Ni da takwas zan zo, kuma na shirya sa su duka. Kai nawa za ka sa?